Rasuwar Gajere, Babur Ɗin Mai Kushin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu masu cike da gajiya, Mai Kushin na lungun bayan injin niƙa, a madadin kansa da maiɗakinsa da 'ya'yansu, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar ƙaramin babur ɗinsa, wanda aka fi sani da Gajere. Marigayin ya cika ne da hantsi, a kan hanyar asibiti, daidai hawan da ke gaban gidan mai, bayan doguwar jinyar da mai shi ya yi ta gani yana kawar da kai. Ya rasu a bakin aiki, yana ɗauke da mutum biyu.

Ana roƙon duk wanda labarin zai ba dariya ya yi abarsa a gida, ya gama, ya wanke fuska, sannan ya zo. Mai Kushin ya san ƙarfe ne da roba, ba sai an tuna masa ba. An riga an tuna masa har ya gaji da ji, kuma kowa ya faɗa sai ya tsaya yana jira a gode masa. Abin da masu tunin ba su duba ba shi ne, tun ranar da Gajere ya ce ga garinku nan, matar gidan, wadda duk lungu ke kira Inna, ba ta ƙara ganin bakin titi ba. Ƙafarta ta dama kuwa, wadda aka sha baƙar wahala kafin ta fara motsi, kullum ta kwana ba a kai ta asibiti ba sai ta ƙara sandarewa.

Marigayin ba sabo ya shigo gidan ba. Na hannu ne, hannu na biyu ko na uku, mai sayarwa bai yarda ya rantse ba. Irin ƙananan baburan nan ne da ake kira roba-roba, masu shimfiɗaɗɗen wurin ajiye ƙafa, waɗanda ba sai ka ɗaga ƙafa ka tsallaka ba, shiga kawai za ka yi ka zauna. Ranar da Mai Kushin ya shigo da shi lungu, abokan sana'arsa na ɗinkin kujeru sun yi masa tsiya son ransu, wai ƙato da shi ya rasa abin hawa sai babur ɗin mata. Ya ci gaba da hawan abinsa. Ba a jima ba su ɗin ne suka riƙa zuwa suna sosa ƙeya, a ara musu su ɗauko soso daga kasuwa.

Gajere ya ɗauki kayan da suka fi shi tsawo da faɗi. Ya ɗauki soson katifa a naɗe, ya ɗauki bandir ɗin yadi a tsakanin ƙafafun mai shi, ya taɓa ɗauko wata kujerar ofis mai juyawa wadda ta rufe shi ruf, har na baya suka riƙa ganin kujera tana tafiya ita kaɗai a titi. Da safe idan aka taka masa kik sai ya ɗan yi gunaguni, “kurr, kurr,” don a san shi ma yana da ra'ayi, sannan ya kama, “fat-fat-fat-fat,” a hankali, ba hayaniya. Hon ɗinsa siriri ne, “fiit,” ko akuya ba ta matsa masa, sai Mai Kushin ya haɗa da baki.

Ba za a yi wa mamaci ƙarya ba, yana da halinsa. Ba ya shiri da ruwan sama ko kaɗan. Yayyafi ya taɓa shi sai ya tsaya a inda yake, ka yi ta magiya. Madubinsa na hagu ya fi son kallon ƙasa a kan kallon baya, ko yaya aka ɗaure shi. Allurar mai ta daina faɗin gaskiya tun da daɗewa, kullum tana kan rabi, sai dai a girgiza shi a kasa kunne a ji abin da ya rage a tanki. Ban da waɗannan ba a san shi da wani mugun hali ba, kuma bai taɓa kayar da kowa ba.

Shi ma Mai Kushin ya riƙe amana, a yi masa wannan shaidar. Ba ya fita sai ya durƙusa ya danna tayoyi da babban yatsa, ya matsa birkin gaba da na baya ya ji sun kama, ya zaro ma'aunin baƙin mai ya goge a tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya duba. Fulogi da tsohon buroshin haƙori yake goge shi. Ko bakin lungu zai je sai ya kifa hular kwano ya ɗaure igiyarta a haɓa, ba irin na samarin yanzu da suke rataye ta a gwiwar hannu ba, wai kada gashi ya lalace. Ba ya kutsawa tsakanin babbar mota da kwalbati, ba ya amsa waya a kan hanya, kuma a mahaɗa ko shi aka ba hannu sai ya waiga dama da hagu. Abin da ya fi ƙarfin hannunsa kaɗai yake kai wa bakanike, wani mutumin kirki da ake kira Sai-Gobe, domin ko iska ka je ya ƙara maka a taya amsar da za ka samu ke nan.

Haka suke zaune lafiya har shekarar da hawan jini ya kayar da Inna a tsakar gida tana cikin wanki. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, hannu da ƙafa. Mace ce da ba ta san zama ba, sai ga ta a kwance ana juya ta. Bakin ne ya fara dawowa, kuma wallahi ya dawo da ƙarfinsa. Da aka sallame ta likita ya ce sauran aikin na ɗakin gashin ƙashi ne, a riƙa kawo ta da safe ba fashi, ana motsa gaɓɓan har su tuna aikinsu.

Faɗa da baki ba wuya. Lungun gidan dogo ne, siriri, kuma hawa ne tun daga ƙofarsu har bakin titi. Ga kwata a gefe guda, ga dakalin mutane a ɗaya gefen, ƙasan duk ya farfashe. Mota ba ta shiga, mai ƙafa uku ma ba ya shiga. An aro keken marasa lafiya, tayarsa ta faɗa kwata tun ba a je ko'ina ba. 'Yan acaba baburansu dogaye ne, sai an wurga ƙafa an tsallaka, ga shi kowannensu sauri yake yi. Babban ɗansu, direban tirela, da ya zo duba ta ya durƙusa ya ce ta hau ya goya ta zuwa titi. Ta dube shi ta ce ita ta goya shi a lungun nan kowa yana gani, kuma muddin tana numfashi ba za a juya abin ba.

A nan ne Gajere ya shiga aikinsa na biyu, wanda saboda shi ake wannan sanarwa. Mai Kushin ya farke kujerarsa, ya rage tsayin soson, ya faɗaɗa bayan, ya ɗora majingina mai ƙarfe a ciki. Kullum da safe zai jingina babur ɗin a jikin dakalin soro, ya riƙo Inna, ta taka shimfiɗar da ƙafar hagu, shi ya ɗago ta daman da hannunsa, ta zauna, ta ja baya sannu a hankali har ta ji majingina. Sai ya ɗora ƙafar a matakinta, ya sa hannunta mara ƙarfi cikin wani madauki da ya ɗinka a bel ɗinsa, ya kifa mata hular kwano. Ranar farko ta ce ita ba soja ba ce, ba za ta sa tukunya a kai ba. Ya cire makulli ya zauna a dakali, ya ce to shi ma bai iya tuƙa mutum ba hula. Ta sa, amma har yau ba ta yafe masa ba.

Shi ke riƙe da kan babur, amma Inna ce ke tuƙin daga baya.

“Malam, rami.”

“Na gani.”

“Ka gani kuma ka shiga?”

Gajere dai “fat-fat-fat” ɗinsa yake yi, bai taɓa sa baki a maganar mata da miji ba. A bayansa aka yi ta kai wa da komowa har yatsun ƙafar suka fara motsi, har ta miƙe tsaye, har ta fara takawa a ɗakin gashi tsakanin dogayen ƙarafa biyu, tana riƙe da ɗaya, ma'aikaciyar ɗakin tana gabanta tana tafa mata. A asibiti ke nan. A gida kuwa iyakarta daga gado zuwa ƙofar ɗaki, domin ta ce ba za ta fita tana jan ƙafa maƙwabta suna yi mata sannu ba.

Wata rana suna dawowa ƙafar ta zame daga matakinta, ƙwaurin ya kwanta a jikin salansa. Inna ba ta ji komai ba, tana can tana faɗa a kan wani direba da ya tsallake su. Sai da suka iso gida ya sunkuya zai sauke ƙafar, ya ga fata ta tashi, faɗin tafin hannu. Mai Kushin ya zauna daɓas a ƙasan soro, hankalinsa a tashe. Ita kuwa ta leƙo ta ce, “Me kake kallo haka? Ai ba zafi.” Wannan maganar ta fi ƙunar yi masa ciwo. Sai da gyambon ya hana ta zuwa gashi na tsawon lokaci kafin ya warke.

To, da mai walda ne abin ya sama, da ƙarfen kariya zai liƙa. Da bakanike ne, da matakin zai matsar gaba. Mai Kushin kuwa tun yana saurayi magani ɗaya ya sani ga duk abin da ke cutar da jikin mutum: a sa soso, a lulluɓe da fata. Ya ajiye aikin mutane ya zauna ya yanka wa Gajere riga. Ya sa tsohon bargo a ciki, soso a tsakiya, jar fata a waje, ya saƙala falle na gwangwani daidai salansa don kada ta kama wuta, abin da ya nuna ba da ka ya yi aikin ba. Rigar ta sauko tun daga ƙarƙashin kujera ta rufe gefen dama gaba ɗaya. A gefen nan akwai wani zagayayyen murfi mai tsage-tsage a jikin inji. Mai Kushin ya dube shi, a ransa ya ce ai ta nan zafin yake fesowa, ya ƙara masa soso ninki biyu.

Kai, ɗinki ya yi kyau! Da ƙyar za ka ga zare. Ya bi bakin da igiyar ado, ya dasa maɓallai a jere irin na kujerar falo. A bakin asibiti masu gadi suna zagayawa suna shafawa. Sai-Gobe kansa ya hango su daga cikin garejinsa suna wucewa, ya ɗaga musu babban yatsa. Ƙafar Inna ba ta sake ƙonewa ba, kuma Mai Kushin ya samu barci a kan wannan.

Ciwon ajali ya fara ne da wari, irin na tukunyar da aka manta a wuta. Daga nan ƙarfi ya ragu. Hawan da Gajere yake cinyewa yana waƙa ya koma yinsa da nishi. Wata sabuwar murya ta shigo cikin tsohuwar, “ƙal-ƙal-ƙal,” musamman idan rana ta take. Ya riƙa shan baƙin mai fiye da ƙima. Wani lokacin sai ya mutu a tsakiyar hanya, a tura shi inuwa, a jira ya huce, sannan ya yarda ya tashi. Mai Kushin ya canja fulogi, ya wanke matatar iska, ya juye mai ya zuba sabo, ya yi duk abin da ya sani, rigar ce kaɗai bai taɓa ɗagawa ba. Ya ce tsufa ne, shi ma ai haka gwiwoyinsa suke yi.

Masu tambayar me ya hana shi kai wa bakanike, ga amsarku, kada ku sake tambayarsa. Kai wa Sai-Gobe yana nufin babur ya kwana a gareji, wataƙila ya sake kwana, kuma kowane kwana fashin gashi ne. Ban da haka mutumin ya gaji. Shi ne ɗora ruwan wanka, shi ne wankan, shi ne shafa mai da ba da magani, shi ne wanki da shara; ya kai ta, ya zauna a benci ya jira, ya dawo da ita, sai rana ta raba sannan ya buɗe shago ya tarar da masu kujeru sun cika suna huci. 'Yarsu tana zuwa idan ta samu sarari, amma ita ma da nata gidan da nata yaran. Duk safiyar da Gajere ya tashi, Mai Kushin godiya yake yi ya hau, ba shi da sauran ƙarfin da zai je neman labari mara daɗi.

Ranar da abin zai faru an tashi da zafi, ga cunkoso tun daga shataletale. Suka yi ta rarrafe a bayan wata motar yashi, ba iska ko ta magani. Da hanya ta buɗe a gindin hawan gidan mai, Mai Kushin ya murɗa totur. Gajere ya yunƙura, ya kai tsakiyar hawan, ya ce “ƙal-ƙal-ƙal,” ya ja wata doguwar “ƙiiii,” sai tsit. Ko a wannan hali bai yi musu wulaƙanci ba. Ya gangara a hankali har gefen titi, ya ba mai shi damar kafa ƙafafu biyu a ƙasa. Mai Kushin ya taka kik, kik ya ƙi sauka, ya hau kansa da duk nauyinsa, ko gezau.

“Malam, ya mutu ko?”

“Hutawa yake yi.”

Suka jira a inuwar gidan mai har lokacin gashi ya wuce. Daga ƙarshe tasi aka tare ta mayar da ita bakin lungu, kuma a nan abin da ta yi ta gudu ya same ta. Maƙwabta biyu suka ɗora ta a kujerar roba suka ɗauka, mata suna leƙowa ta ƙofa, kowa yana sannu Inna, sannu Inna. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta har aka sauke ta a ɗaki. Ranar ko abinci ba ta taɓa ba.

A gareji, karo na farko a tarihi, Sai-Gobe bai ce sai gobe ba. Ya zagaya gawar, ya ɓalle maɓallan rigar, ya ɗaga. Ya daɗe yana kallon murfin nan mai tsage-tsage, wanda zaren bargo ya toshe shi tam, sannan ya ɗago.

“Baba, ai hancinsa ka toshe.”

“Ba ta nan zafi ke fita ba?”

“Ta nan iska ke shiga. Fanka ce a ciki, ita ke sanyaya inji.”

Da aka buɗe aka tarar fistin ya narke ya manne, zafi ya cinye har abin da ke ƙarƙashinsa, kuma kayan irin wannan tsohon samfurin sun ɓace a kasuwa. Sai-Gobe ya yi ta cewa da ya sani da ya tsayar da su ranar da ya ɗaga musu yatsa. Mai Kushin ya ninke rigar ya sa a hammata, ya taka da ƙafa har gida, da yamma bakaniken ya turo masa gawar ya jingina a soro. Da Inna ta tambaya ya ce mata tsufa ne.

Marigayin ya rasu ya bar hulunan kwano biyu, babba da ƙarama. Ya bar famfon iska, da buroshin haƙorin da yanzu ba shi da aikin yi, da makullin ajiya da ba a taɓa buƙata ba. Ya bar tabon baƙin mai a simintin soro, wanda Inna ta yi shekaru tana faɗa a kansa. Ya bar maƙwabtan da ba su da agogo sai tashinsa, yanzu 'ya'yansu suna makara. Akwai wani ɗan uwansa, samfuri ɗaya, a bayan kasuwa, amma shi ya daɗe da rasa tayoyi, masu faci ne ke zama a kansa. Haka kuma ya bar jar rigarsa, tana nan cikin ƙoshin lafiya, ko zare ɗaya bai warware ba.

Iyalan suna godiya ga waɗanda suka riga suka zo, har da masu shawara, waɗanda suka fi yawa. Masu cewa a sayi wani, Allah Ya saka. Mutumin da shagonsa yake rabin yini a rufe ya ji ku, hannu ne bai kai ba. Masu cewa a dawo da kujerar roba, ku shiga ku faɗa wa Inna da bakinku. Shi kansa Mai Kushin ya gwada ɗora ta a kan gawar, ya zauna a gaba yana turawa da ƙafafu, amma lungun hawa ne, ko ƙofar gida ba su bari ba gwiwoyinsa suka ce ba da su ba, ita kuma ta ce ba wanda zai tura ta daga baya. 'Yarsu ta ce ta koma wurinta, gidanta a bakin hanya yake. Inna ta ce ba ta bar ɗakinta da lafiya ba, ba za ta bar shi da ciwo ba. Ma'aikaciyar ɗakin gashi ta bugo waya ta ce ita ba ta da halin bin gidaje, a dai san yadda za a yi a fito da ita titi, don abin da aka gina yana rushewa. Mai Kushin ya ce to. Ya kashe wayar ya zauna a dakali kusa da Gajere, ya rasa abin da zai yi da hannuwansa. Da safe idan yana shafa mata mai yana jin yadda ƙafar take ƙara tauri, kuma tsoro yake ji ƙwarai.

Asiri ya tonu ne ta bakin Sai-Gobe, wanda ya zo gaisuwa ya zauna a soro yana maimaita labarin fanka da muryarsa ta gareji, ya manta bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin mara lafiya. Yana fita Inna ta ƙwala kira.

“Malam, miƙo min rigar nan.”

Ya kawo. Ta shimfiɗa ta a cinya, ta bi maɓallan da hannun hagu ɗaya bayan ɗaya.

“Ɗinkin dai ya yi kyau,” in ji ta. “Ashe saboda ƙafata ka shaƙe bawan Allah.”

“Ban sani ba ne.”

“Na ce ka sani? Yaushe za a fitar da shi?”

Ya ce ya yi magana da mai gwangwan, mai sayen tsoffin ƙarafa, amma amalankensa ba ya shiga lungu, sai dai a tura masa zuwa bakin titi.

“To da ni za a raka shi.”

“Sai a nemo masu ɗaukar kujera ke nan.”

“Wa ya yi maka maganar kujera? A asibiti ƙarfe nake riƙewa in taka. Majinginar nan da ka yi masa ba ƙarfe ba ce a ciki?”

Ya ce lungun hawa ne, ta ce a nan ta tsufa. Ya ce mutane za su fito kallo, ta ce ai sun riga sun gan ta a kujera, me ya rage. Ya ce idan ta faɗi fa? Ta ce shi da yake taƙama bai taɓa kayar da kowa ba, ya riƙe birki. Mai Kushin ya so ya ci gaba da musu, amma wallahi ƙarfin musun ma babu.

Saboda haka ga yadda aka tsara rakiya. Ba za a yi wa marigayin salla ba, ƙarfe ne, an sani. Ba zaman makoki, ba rabon abinci. Za a fito da gawar daga soro da safe, bayan rana ta ɗan ɗaga, kafin zafi. Mai Kushin zai kasance a gaba ta hagu, yana turawa, yatsunsa a kan birki. Inna za ta kasance a baya ta dama, hannunta na hagu a kan majingina. Sauran jama'a su bi daga nesa. Kada kowa ya kama mata gwiwar hannu, kada a biyo su da kujera, kuma don girman Allah kada a ce mata sannu. Ana roƙon masu dakali su janye bokitai da murhu daga hanya, mai zubar da ruwan wanki a lungu kuma ta daure ta jira a wuce.

Inda duk ƙafar ta tsaya, nan rakiyar ranar ta ƙare. Za a juya gawar, a zaunar da Inna a kai, a kifa huluna, Mai Kushin ya shiga gaba ya saki birki kaɗan-kaɗan, gangara ta mayar da su gida ba tare da inji ba. Washegari a sake fitowa. Mai gwangwan ya ce dama kullum ta nan yake wucewa, zai riƙa leƙowa. Ranar da aka kai bakin titi za a damƙa masa Gajere, a tare tasi, a wuce asibiti kai tsaye. Mai Kushin ya tambaye ta yadda za su dawo gida a ranar, tunda babu mai gangaro da su, ta ce ya bari su kai tukuna.

Shi ya sa wannan sanarwa ba ta ɗauke da rana. Jiya an kai ƙofar mai wanki. Yau an wuce ta da kaɗan, Inna ta tsaya tana haki, gumi yana ɗiga daga haɓarta, ta dubi sauran hawan ta ce a juya. Wanda ya zo gobe ya tarar ba a kai ba, ya yi haƙuri, ya dawo jibi.